Darar da Ake Ji da Kunne

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sa ka sauka Legas salin-alin, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka koyi aikin kwamfutar nan. Innarka tana gaishe ka. Ta ce ka ci ƙulin da ta cusa maka a jaka tun bai yi sanyi ba, kuma kada ka raba wa duk wanda ya yi maka murmushi.

Labarin gari ba zan ba ka ba. Tun da aka ce Lafiya ta zama babban birnin jiha kowa ya zama gwanin labari, har mai sayar da rake yana da nasa, za ka ji a bakin wasu. Ni abin da ya sa na ɗauki biro shi ne ranar da na raka ka tasha bakina ya ƙi buɗuwa. Na tanadi magana tun daga gida, da muka isa sai na tsaya ina faɗa da yaron mota a kan yadda ya ɗaure akwatinka. Ka san halina, in zuciyata ta cika sai in nemi wanda zan yi wa masifa. Abin da na so in ce maka shi ne na gode. Kai ka dawo mini da abokina Tersoo bayan na kusa rasa shi da hannuna. Kuma tun da ka ce burinka wata rana ka riƙa ƙirƙirar wasannin nan na talabijin da kanka, bari in ba ka abin da nake da shi. Ilimin kwamfuta ba ni da shi, kafinta ne ni. Amma na daɗe ina wasa, kuma na yi kurakurai a cikinsa da za su ishe ka darasi.

Ba a haife ka ba lokacin da na san Tersoo. Shekarar da aka buɗe makarantun firamare ko'ina ce, muna ta buga bencin ɗalibai har hannu ya yi kanta. Da la'asar in mun tashi sai mu share ƙasa a gindin mangwaron shago, mu tona gurabe, mu zauna dara. Ran nan wani dogon Tibi daga Assakio, wato Tersoo ɗin, ya kawo doya kasuwa, ya biyo ta shagona a gyara masa ƙofar rumbu, sai ya tsaya a kanmu yana kallo yana tsaki. Na ce masa in ya iya ya zauna. Ya zauna kuwa, ya ɗebi tsakuwa ni na riƙe karare. Da na jera uku na miƙa hannu zan cire ɗansa ɗaya daga cikin nasa jerin, sai ya damƙe mini wuyan hannu.

Ya ce, "A'a malam, wannan ba ya taɓuwa. A garinmu in yara uku ya kwanta layi ɗaya, ya shiga gida ke nan. Ka ci wani."

Na ce masa nan ba garinsu ba ne, kuma tun kakana ba a taɓa yin wannan doka ba. Na ɗaga murya, na kira shi baƙo, na ce ya koma ya koya wa doyarsa dara. Ya tashi ya karkaɗe wandonsa ya ɗauki ƙofarsa. Da ba don ya manta hularsa a gindin bishiyar ba, da zancen ya ƙare a nan, da kuma ban samu aminin da na fi so a duniya ba. Da ya dawo ɗaukar hular wani sati, sai tsofaffin wurin suka ce a gwada tasa dokar a gani. Aka gwada. Wallahi Auta, sai ga wasan ya ƙara daɗi, don mutum yana iya gina wa ƴaƴansa mafaka, sai ka yi dabara kafin ka fito da su. Daga nan muka yi sulhu: ranar da ya shigo da doya a bi tasa, sauran ranaku a bi tamu, kuma a faɗi wadda za a bi tun ba a jefa ɗan fari ba.

To ka ji na farko. Na ɗauka darar da na gada ita ce dara, alhali kowane ƙauye daga nan har Agyaragu yana da yadda yake juya ta, kuma kowa yana rantsuwa tasa ce ta asali. In ka yi wasanka, kada ka ji haushi in ka ga yara sun juya shi ta inda ba ka nufa ba. Ka tsaya ka kalle su da kyau, wataƙila sun gano abin da ya fi naka. Abu ɗaya ne kawai ba a sassauci a kansa, kowa ya san doka kafin a fara, kada a sauya wa mutum ita a tsakiyar wasa.

Na biyu, kai ma ka tashi ka gan shi a rataye a bangon shago yana tara ƙura. Wannan katakon dara na maɗaci da na sassaƙa, mai zanen ganye a gefe, wanda na shafa wa man sheƙi har mutum yana ganin fuskarsa. Na yi shi ne don in burge jama'a. Na kawo shi gindin mangwaro a nannaɗe cikin zanen innarka, kowa ya ce masha Allah. Aka fara wasa, sai wani ya ɗora ƙwaryar kunu a gefe, na daka masa tsawa. Wani ya buga tsakuwa da ƙarfi yadda ake yi in an ci, na ce zai fasa mini fenti. Tersoo ya zo da hannu duk jar ƙasar doya, na ce ya je ya wanke. Ya dube ni ya ce, "Garba, wannan dara ne ko amarya?" Kafin sati ya zagayo kowa ya koma tona ƙasa, ni kaɗai nake zaune da katakona ina goge shi da hannun riga.

Na tuna wannan ne saboda yadda nake jin ka kana zuba wa abokanka labarin hotunan sabbin wasanni, wai har gashin mutum ana gani yana motsi. Ba laifi, a yi abu mai kyau, ni ma ba na son aiki a karkace. Amma mutum yana zuwa wasa ne don ya sake, ya yi ihu, ya buga ƙasa, ya yi kuskure a yi masa dariya. In kyan abinka ya hana shi wannan, zai yaba maka ya wuce. Ka fara tabbatar da wasan yana da daɗi ko da a ƙasa aka zana shi da yatsa, sannan ka zo kan ado.

Na uku kuwa a kanka ya faɗa, kuma na san ba ka manta ba, don kunnenka na hagu shaida ne. Lokacin da aka buɗe gidan gem a bayan kasuwa, aka zo aka ce mini Auta ya zama ɗan can, daga makaranta ba ya zuwa gida. Ban tambayi mene ne gem ba. Na ji an ce yara suna taruwa a ɗaki mai duhu suna ihu, sai na yanke a raina caca ce. Na je na jawo ka da kunne tun daga ƙofar har shago, ina faɗa ina ƙarawa, mutane suna ba ni haƙuri. Abin dariyar, da na gama sai na zauna a gindin mangwaro na yi dara har aka kira magariba, ban ga wani abu a jikina ba.

Innarka ce ta fara faɗa mini gaskiya. Ta ce, "Malam, kai da kake barin tuwo ya huce saboda tsakuwa da kara, kai ne za ka yi wa yaro wa'azi?" Na yi fushi na kwana biyu. Sannan kai kuma, da ka ga na sauko, ka zo ka tsuguna ka ce, "Baba, don Allah ka zo ka gani sau ɗaya. In ka ce haram ne, ba zan ƙara zuwa ba." Na gode maka da wannan ladabi. Da ka yi mini taurin kai, da har yau ina kan bakana.

Na je ina ɗaure da fuska. Me na tarar? Gindin mangwarona na tarar, an dai sa masa rufin kwano da janareta. Biyu suna wasa, goma suna tsaye a kansu kowa yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya miƙa hannun gem ga na gaba, daidai yadda muke yi. Har da mai tsakin nan irin na Tersoo, wani ƙaramin yaro ɗan ƙabilar Eggon da ba ya wasa sai sukar na wasu. Ka danƙa mini hannun, ka nuna mini inda ake dannawa. Wani ɗan mutum ya fito a talabijin yana gudu, kafin in ce kwabo na jefa shi rami. Yara suka kwashe da dariya. Na ce a sake. Na sake faɗawa. A karo na gaba na tsallake, kuma ina mai tabbatar maka na ji daɗin da nake ji in na jera uku.

A hanyar gida ka faɗa mini maganar da ta zauna mini. Ka ce ramin nan ba da kansa ya zo wurin ba, wani mutum ne a wata ƙasa mai nisa ya zauna ya auna inda zai sa shi. Ya sa na farko ƙarami don ka koyi tsalle ba tare da an ce maka komai ba, na biyu ya fi shi faɗi kaɗan, a haka har ka zama gwani ba ka san lokacin da aka koya maka ba. Na ce ashe kafinta ne. Don ni ma ba na ba sabon yaro maɗaci ranar farko, farin katako mai laushi nake ba shi ya ɓata, kuma in zan yi kujera sai na tuna da gwiwar wanda zai zauna. Tun daga ranar na daina ganin abin a matsayin shiririta. Shawarata a nan gajera ce. Za ka haɗu da dattawa irina da za su raina aikinka ba su gani ba. Kada ka yi musu gardama, ka ja su su zo su taɓa da hannunsu.

Yanzu na zo kan babbar maganar. Ka san farkonta da ƙarshenta, amma akwai tsakiyar da ban taɓa ba ka dalla-dalla ba.

Da idon Tersoo ya fara dushewa, wasa muka ɗauke shi. In ya ɗauki karana a maimakon tsakuwarsa sai in ce satar Tibi ta motsa, shi kuma ya ce ai kayan Bahaushe halal ne. Aka je asibiti, aka je wani, aka ɗiga magani iri-iri, abin sai gaba yake yi. Har ya kai ba ya bambanta mutum da bishiya. Ya bar gona, ƴarsa ta ɗauko shi daga Assakio ta dawo da shi gidanta a Azuba. Na ce to, ko ba komai ya matso kusa.

Na fara zuwa gaishe shi da goro a aljihu. Sai mu gaisa, in tambayi jiki, ya tambayi aiki, shi ke nan sai shiru. Auta, abin ya ba ni tsoro. Mutumin da muka shekara ashirin muna hira ba ta ƙarewa, ga mu zaune kamar baƙi a layin asibiti. A nan na gane duk hirarmu ta kan dara take bi. A kanta ya faɗa mini rasuwar matarsa ta fari, yana jefa tsakuwa bai ɗago kai ba. A kanta na faɗa masa tsoron da na ji lokacin da ka yi ciwon nan kana jariri. Ni ina salla shi yana zuwa coci, yarenmu na gida daban, abincinmu daban, amma in muka sunkuya a kan gurabe talatin ɗin nan babu abin da ba ma iya faɗa wa juna. Da aka ɗauke darar sai muka rasa ta inda za mu shiga.

Sai na ce bari mu gwada. Na tona gurabe a tsakar gidan, na ce ya riƙa shafawa. Da ya kai hannu sai gurabe su rushe, tsakuwa ta gangara, karare su zube. Na ce ya bari, ni zan riƙa faɗa masa yadda wasan yake, in matsar masa da ƴaƴansa. A nan Shaiɗan ya shigo mini ta ƙofar tausayi. Na ga yadda yake ƙoƙarin riƙe komai a kansa yana zufa, sai na fara buɗe masa hanya. In na ga inda zan ci sai in kau da kai. In ya yi kuskure sai in gyara masa shiru. Ya ci, na yi ta kururuwa ina cewa makaho ya gama da ni. Na yi haka zuwa biyu ko uku, ina komawa gida ina jin na yi aikin lada.

Ran nan muna tsakiyar wasa ya ce in tsaya. Ya lissafo mini inda kowane ɗa yake, nasa da nawa, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Sannan ya ce, "Tun ɗazu kana da ci a layi na biyu. Me ya sa ba ka ci ba?"

Na fara kame-kame. Ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Garba, ido ne ya mutu, kai bai mutu ba. Yarana yana ba ni abinci a baki, na haƙura. Jikana yana ja ni zuwa bayan gida, na haƙura. Wuri ɗaya ya rage da nake namiji, kai kuma ka zo ka mai da ni jariri a wurin. Abeg, ka zo gaisuwa in kana so, amma kada ka ƙara kawo mini dara."

Ya sa ƙafa ya share gurabe. Na hau kekena na dawo, ban san yadda na iso gida ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma na san in aka ci gaba a haka, gaisuwar ma za ta mutu, don ba ni da fuskar da zan kai masa.

Kai ka lura na daina zama a gindin mangwaro. Lokacin kana gyara musu hannuwan gem a wancan gidan kana karatunka na kwamfuta da yamma. Ka tambaye ni, na ba ka labarin a gutsure. Bayan kwanaki ka zo mini da wani zance da na ɗauka shirme ne. Ka ce talabijin ɗin gidan gem ta tsufa, hotonta ya dushe har da rana ba a ganin komai sai inuwa, amma yara ba su fasa wasa ba. Ka zauna ka lura, ashe da kunne suke yi. Tsalle yana da ƙararsa, cin abu yana da tasa, in haɗari ya matso kiɗan yana sauyawa. Ka ce wanda ya tsara wasan bai dogara da ido kaɗai ba, duk abin da ya faru sai ya faɗa maka shi ta hanya biyu. Ka ce, "Baba, darar ba ta gagari Baba Tersoo ba, ƙasar ce ta gagare shi. Mu yi masa wadda za ta riƙa yi masa magana."

Na ce maka ni na shekara talatin ina aikin katako ban taɓa jin katako ya yi magana ba. Ka yi dariya ka ɗauko fensir ka zana a jikin wani guntun filawud. Akwati mai rami a ciki kamar ganga, don duk abin da ya taɓa shi ya yi amo. Gurabe masu zurfi, ƴaƴan dara kuma kamar ƙananan turaku da za su shige su zauna daram, ko an shafa ba za su faɗi ba. Na gefe ɗaya masu mulmulallen kai, na ɗaya gefen masu tsaga a ka. A bakin akwatin kuma a yi ƙananan tsage-tsage don yatsa ya san layi na nawa yake. Har ka ce turakun gefe ɗaya a yi su da icce mai nauyi, na ɗayan da mara nauyi, don ƙararsu ta bambanta in sun faɗa gurbi.

Muka yi shi tare, muna faɗa. Na farko ya yi zurfi da yawa, yatsa ba ya iya zaro ɗa. Na ce ya isa haka, ka ce a'a. Ka ɗaure idonka da ɗankwalin innarka ka zauna kana gwadawa, ka sa ni ma na ɗaure nawa. Da na ji yadda duhu yake, da yadda ƙaramar tsaga take zama babban abu a ƙarƙashin yatsa, sai na daina gardama na koma kan zarto. Wannan ma ka riƙe shi, don ni a wurinka na koya: kada ka ce ka gama abu sai ka zauna a mazaunin wanda zai yi amfani da shi. Ban shafa masa man sheƙi ko ɗigo ba, na dai goge shi sumul don kada sartse ya soke shi.

Da za mu tafi Azuba ka tsayar da ni a ƙofar shago. Ka ce, "Baba, sharaɗi ɗaya. Kada ka sassauta masa." Ka ce a gidan gem akwai wani kaset da ko jariri ya riƙe hannu sai ya ci, yara suka yi yini ɗaya a kansa ba wanda ya ƙara tambayarsa. Wanda suke layi a kansa shi ne wanda yake kayar da su, amma kowace faɗuwa suna ganin laifinsu ne, kuma suna jin in sun sake za su iya. Ka ce in ma za a rage wa mutum nauyi, a faɗa masa a fili ya yarda ko ya ƙi, kada a yi masa a ɓoye. Na ji kamar ka mare ni, amma gaskiya ce.

Muka same shi a zaune a inuwar zaure. Da ya ji muryata ya amsa sallama sama-sama. Da ya ji an ajiye abu a kan tabarma ya ce, "In dara ne ku koma da shi." Ni da na juya. Kai kuwa ka durƙusa ka ce, "Baba, aikina ne na farko, na kawo ka duba mini ko ya yi." Ka ɗora masa a cinya. Ya yi kamar zai ture, sai yatsunsa suka faɗa kan tsage-tsagen nan. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya zura yatsa a gurbi. Ka miƙa masa ɗa mai tsaga, ya jujjuya shi, ya saka, akwatin ya ce ƙwal. Ka saka mai mulmulallen kai, ya ce ƙum. Ya karkata kai ya ce a sake. Aka sake. Sannan ya ce, "Garba yana nan?" Na ce ina nan. Ya ce, "Yau ranar doya ne ko ranar ku?" Na ce ranar doya ce. Ya ce to dokarsa za a bi.

Auta, ban taɓa yin wasa mai wuya irin wannan ba. Hannunsa yana yawo a kan akwatin, ga shi ya daɗe bai yi ba, sai ya bar mini ƙofa a buɗe. Zuciyata ta ce kau da kai. Na dube ka, ka zuba mini ido. Na jera uku, na ce na ci, na zare ɗansa. Ya ji ƙarar fitarsa. Na sake ci. Na bi shi ban ɗaga masa ƙafa ba ko sau ɗaya, har na share shi tas, cin da ban taɓa yi masa ba ko lokacin da yake gani. Ƴarsa tana tsaye a bakin ƙofa tana harara ta. Na ce a raina shi ke nan, na ƙarasa abin da ya rage.

Ya shafa akwatin ya ji babu nasa sai biyu. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, ko da yake hawayen ma suna zuba. Ya lalubo gwiwata ya kai mata duka.

Ya ce, "Mugu! Ka dawo ke nan. Oya, sake jerawa, yau sai na kashe ka."

Ka tuna sai da ka yi mana magana sau nawa kafin mu tashi ranar.

To ɗana, abin da nake so ka tafi da shi ke nan. Wasa ba ƙaramin abu ba ne, ko da mutane suna kiransa wasa. Ta nan yara suke koyon faɗuwa ba tare da sun karye ba, ta nan baƙo yake zama ɗan gari, ta nan tsofaffi biyu suke faɗa wa juna abin da baki ba ya iya ɗauka kai tsaye. Wanda zai tsara wa mutane wasa amana ya ɗauka. Kada ka yaudari mai wasanka, ko da da niyyar alheri. Kada ka yi wanda zai cinye wa yaro lokacin sallarsa da karatunsa ya bar shi fanko, ka yi wanda in an tashi ana jin an zauna da mutane. Ka kiyaye sallarka, ka kiyaye cikinka daga abin da ba ka sani ba, ka girmama masu koya maka ko da sun girme ka da kwana ɗaya ne. In sun yi dariyar darar ƙauyenku, ka tona musu gurabe ka zaunar da su.

Kada ka damu da wanda zai riƙa kai ni Azuba. Na gyara kariyar kekena, ina ɗaure akwatin a baya, duk ranar da aiki ya yi sauƙi ina can. Mutanen unguwar har sun fara taruwa a kanmu suna ba da shawarar banza, wani ma ya ce in buga masa irinsa don kakarsa. Na faɗa wa Tersoo zan rubuto maka, ya ce in gaya maka da bakinsa: "Ka ce wa yaro, in ya yi nasa a cikin kwamfuta, ya bar ƙofa wa makaho."

Jiya kuwa ya yi mini cin wulakanci a gaban jama'a, da dokata ma ba tasa ba, yana yi yana waƙa da yarensu. Na yi iya ƙoƙarina, Allah Ya sani, ban bar masa ko ɗa ɗaya da gangan ba. Na dawo gida ina huci, na ƙi cin tuwo, na ce wa innarka mutumin nan da kunne yake maguɗi. Ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Ina cikin fushin sai na tuna watannin da na yi ina neman wanda zai ba ni irin wannan haushi ban samu ba. Wannan fushin kai ka dawo mini da shi, Auta. Na gode, Allah Ya yi maka albarka.

Allah Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya kare ka daga sharrin dare da na rana, Ya buɗa maka abin da ka je nema, Ya sa hannunka ya zama sanadin farin cikin mutanen da ba ka taɓa gani ba. Ya dawo mana da kai lafiya muna raye. In ka zo, akwatin yana nan, kuma kada ka sa ran zan sassauta maka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Garba kafinta, Lafiya.